Hannun da Bai Kai Kunne Ba

Ga shi nan, ga shi nanku.

Ya zo mu ji shi.

Akwai wani manomi a wani ƙauye, yana da 'ya guda ɗaya, sunanta Bilhatu. Yarinyar lafiyarta lau, tana ci tana sha, tana gudu da tsaranta, sai dai Allah ya yi ta 'yar ƙarama, hannuwanta ma gajeru ne.

A ƙauyen akwai makarantar firamare. A wancan zamani ba a rubuta ranar haihuwar yaro. In ka tambayi uwa shekarun ɗanta, sai ta ce an haife shi shekarar da kogi ya cinye gada, ko shekarar da aka sa wa majami'a kwano. Don haka makarantar tana da gwajinta. Ranar da aka buɗe sabuwar shekarar karatu, sai a jera sababbin yara a gindin mangwaro, kowa ya ɗaga hannun dama, ya bi da shi ta bisa kai, ya taɓa kunnen hagu. Wanda ya taɓa, ya isa ke nan, a rubuta sunansa a aji ɗaya. Wanda bai taɓa ba, a ce masa ya koma gida ya ƙara cin tuwo.

Shekara ta fari manomin ya kai 'yarsa. Uwarta ta ɗinka mata rigar makaranta, ta yi mata kitso. Da aka zo kanta ta ɗaga hannu, ta miƙa, ta miƙa, aka duba aka ga saura yatsa uku. Aka komo da ita gida.

Shekara ta biyu ya sake kai ta, cikin rigar nan dai, gama har yanzu daidai take mata. Aka duba, saura yatsa biyu. Maƙwabcinsa Habila yana tsaye a wurin, ya kawo ɗansa, wanda Bilhatu ta girme shi da damina biyu, yaron kuwa ya taɓa kunne ba wahala. Habila ya ce, "Baban Bilhatu, ko dai ka ja mata kunnen ne ya hau sama? Ina ga ya fi sauƙi." Iyaye suka yi dariya. Manomin ma ya yi dariya tare da su, amma bai ci tuwo ba ran nan.

Daga nan ya ɗauki abin ya sa a ransa. Kowace safiya kafin ya tafi gona sai ya ɗaga ta ta kama reshen gwaiba, ta yi lilo har hannuwanta su gaji. Ƙwan da ake ajiyewa don baƙi ya koma nata. Kowace Lahadi in sun dawo daga sujada, sai ya tsai da ita a tsakar gida, ya ce, "Ɗora hannu." Ta ɗora, ya sa yatsunsa ya auna.

Haka aka yi har shekara ta zagayo. Masara ta nuna, gero ya fid da kai, aka yi shela cewa ran Litinin za a buɗe makaranta.

Da asuba ta yi ran Litinin, uwar ta yi wa yarinyar wanka, ta sa mata rigar. Manomin ya kira ta tsakar gida. Ya ce, "Ɗora hannu."

Ta ɗora. Ta yi ɗage a kan yatsun ƙafa, kamar hakan zai taimaka. Ya sa yatsa ɗaya tsakanin hannunta da kunnenta, yatsan ya shiga daidai.

Ya ce, "Cire rigar."

Matarsa ta ce, "Maigida, ka kai ta mana, su gwada da kansu."

"In kai ta karo na uku Habila ya sake samun na faɗa?"

"An ce sabon hedimasta aka kawo bana."

Ya ce, "Hedimasta ne sabo, kunnen dai na bara ne. Na auna da hannuna, me ya rage kuma? Tsaranta suna aji uku. Ki ninke rigar ki ba 'yar ƙanwarki. Karatu ba rabonta ba ne. Daga yau awakin gidan nan nata ne."

Ya saɓa fartanya ya fita. Yana kan hanya ya ji an buga ƙarfen makaranta, bai waiwaya ba.

To, ciyawa tana ko'ina a lokacin, amma Bilhatu ba ta ga wurin kiwo ba sai bayan shingen makaranta. Can take kora awakin kowace safiya, ta tsaya tana leƙen 'yan aji ɗaya ta kafar shinge, tana kallon yadda aka raba musu alli, kowa da allonsa a cinya. A rana ta tara, tana cikin kallo, awakin suka sami inda shingen ya ruɓe, suka shiga lambun makaranta. Kafin a kore su sun cinye kuɓewar da 'yan aji biyar suka shuka, ba su bar ko ganye ba.

Aka aika a kirawo uban daga gona.

Ya zo da laka a ƙafafunsa, yana ta shirya maganar ban haƙuri a hanya. Ya tarar da hedimasta, Malam Yunana, zaune a kan benci a gindin mangwaron nan. An ɗaure awakin a jikin itace, Bilhatu tana tsaye kai a sunkuye, yara kuma sun cika tagogi suna kallo.

Manomin ya cire hula ya durƙusa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, laifinmu ne. Duk abin da ka yanka, na karɓa."

Malam Yunana ya ce, "Tashi ka zauna, Baba. Awaki sun ga kuɓewa sun ci, aikinsu suka yi. Ba a kansu na kira ka ba. Kwana tara ina ganin idanun yarinyar nan a kafar shingena. Me ya hana ta shigowa ta ƙofa?"

"Hannunta bai kai ba, ranka ya daɗe."

"Ban gan ta a layi ba ran da muka buɗe. Wa ya gwada ta?"

"Ni ne. A gida."

Malam Yunana ya dube shi. Ya ce, "Ashe akwai wani hedimasta a garin nan, ba a gaya mini ba."

Manomin ya ce, "Sau biyu aka komo mana da ita. Na ce kada a sake."

Malam Yunana ya kira yarinyar kusa. Ya ce, "Yi mini dariya in gani." Ta ƙi, sai ya yi mata gwalo, ta kwashe da dariya ba ta shirya ba. Ya ga haƙoran gaba na yarinta sun faɗi tuni, manya sun fito a gurbinsu. Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To, 'yata, dokar makaranta ce, ni ma ban isa in tsallake ta ba. Ɗora hannu."

Manomin ya kau da kai. Ya san abin da za a gani.

Bilhatu ta ɗaga hannu, ta bi da shi ta bisa kai, ta miƙa iyakar ƙarfinta. Saura yatsa ɗaya, kamar yadda uban ya auna.

Sai Malam Yunana ya sauko daga kan benci ya durƙusa a ƙasa, da farin wandonsa. Ya sa yatsansa a wurin da ya rage, gefe ɗaya yana taɓa hannunta, gefe ɗaya yana taɓa kunnenta. Ya ce, "Baba, juyo ka duba. Ya kai ko bai kai ba?"

Manomin ya duba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai yatsanka ne."

"Na sani. Nawa ne, na kuwa ba ta."

"In mai duba makarantu ya zo ya gwada ta fa?"

Ya ce, "Ni zai tambaya, ba kai ba. Ni na sa hannu, ni zan amsa."

Ya aika aka kawo rajista, ya rubuta sunanta. Ya kama hannunta ya kai ta aji ɗaya haka nan, da zanen kiwo a jikinta, ya sa yara biyu suka matsa mata a benci. Manomin ya tsaya yana jujjuya hularsa. Da Malam ya fito, sai ya ce masa, "Kwance awakinka, Baba. Yau kai ne makiyayi. Gobe kuma ka zo da itace, mu gyara shingen nan tare."

Manomin ya kwance awakinsa, ya kora su gida ta tsakiyar gari, rana tsaka.

Ma'anar wannan misali ita ce: makarantar nan mulkin Allah ce, gwajin kuwa shari'arsa. Yarinyar ita ce kowane ɗayanmu. Ku lura, Malam bai ce hannun ya kai ba, bai kuma ce a daina gwaji ba. Abin da ya rage ya rage da gaske. Haka muke a gaban Allah: wani saura yatsa uku, wani saura ɗaya, amma ba wanda ya taɓa da ƙoƙarin kansa. Yin lilo a reshen gwaiba yana da amfaninsa, ya rage nisa, sai dai bai rufe shi ba. Wanda ya durƙusa a ƙasa ya sa nasa a inda namu ya kasa, ya kuma ce shi zai amsa a ranar tambaya, shi ne Yesu Almasihu.

Kuskuren manomin fa? Ba ƙarya ya yi ba, awonsa daidai ne. Kuskurensa shi ne ya yi awon a gida, ya yanke hukunci a gida, bai kai ta wurin mai makaranta ba. Ya gwammace 'yarsa ta rasa karatu da a sake yi masa dariya.

'Yan'uwa, da yawa a cikinmu haka muke yi. Wani ya ce sai ya rabu da burkutu tukuna zai taka ƙofar majami'a. Wata ta ce ba za ta iya addu'a ba sai fushin da take yi da matar wanta ya huce. Wani ya shiga ajin baftisma sau biyu yana fita, yanzu kunya ta hana shi komawa. Kowace safiya suna aunawa, suna ganin saura kaɗan, suna cewa sai baɗi. Suna tsaye a bayan shinge suna jin waƙarmu, shekara tana bin shekara. Ba a ba ka aikin gwada kanka ba. An ce ka zo.

Mu kuma da muke ciki, mu kula da bakinmu. Habila wasa yake yi, bai nufi mugunta ba, amma wasansa ya kusa mai da yarinya makiyayiya har tsufanta. In wanda ya daɗe bai zo ba ya shigo ran Lahadi, kada ka tambaye shi inda ya shiga. Matsa masa a benci.

A wannan mako ana buɗe makarantu, za ku ga iyaye suna jan 'ya'yansu da sababbin riguna. Ku kai naku, kowanne, da mai wayo da wanda kuke ganin bai kai ba. Ku kuma kawo kanku wurin Ubangiji kamar yadda kuke a yau, da zanen kiwo, da laka a ƙafa.

Ƙurunƙus, misali ya ƙare. Wanda ya auna ya ga da saura, ya zo da sauran.