Ruwan Barmo

Tun zamanin da yankin nan yake ƙungurmin daji, babu gona babu turba, sai sawun giwa da na ɓauna, an yi wani maharbi ana ce da shi Barmo. Ba a san garinsu ba, shi ma bai taɓa faɗa ba. Abin da aka sani shi ne yana da baka da kwari, da wani baƙin kare mai suna Duna. Maharba 'yan'uwansa sukan yi masa kirari: Barmo na Duna, gagara-dawa, mai shimfiɗa a kan sawun zaki, kibiyarka ba ta dawowa da kunya.

Wata shekara bazara ta yi tsanani, ƙoramu suka ƙafe, Barmo ya faɗi a gindin wani ɗan dutse, ƙishirwa na neman ransa. Dutsen ba wani abin a zo a gani ba ne, tsohuwa ma sai ta hau shi ta sauko kafin ruwan tuwonta ya tafasa. Duna ya bar ubangidansa kwance, ya shiga tono a ƙarƙashin wani falale, ya yi ta tono har faratansa suka yi jini. Ruwa ya ɓulɓulo, garau, mai sanyi kamar na randa. Karen ya dawo ya lashi fuskar Barmo da jiƙaƙƙen baki. Da Barmo ya farfaɗo, ya rantse cewa duk inda Duna bai sha ba, shi ma ba zai sha ba.

A al'adar maharba, ba a nuna wa kowa mashaya. A nan nama yake taruwa, a nan maharbi yake kwanton ɓauna, wanda kuwa ya nuna ruwansa ya ba da abincinsa ke nan. Barmo ya kafa bukka a kan dutsen, ya yi shekaru yana cin daji shi da karensa, ba wanda ya sani.

Sai wata ranar ya hango ayarin mutane daga sama, fari ya koro su daga ƙasarsu. Wani saurayi mai suna Shekarau ne a gaba, yana riƙe da hannun mahaifiyarsa Kyallu. Da Barmo ya yi shiru, da sun wuce ta gefen ruwan ba su gan shi ba. Amma ya sauko. Shekarau ya durƙusa a gabansa ya ce, "Baba, don girman Allah, ruwa. Yaranmu har sun daina kuka."

Barmo ya dubi yaran, sannan ya janye ƙayar da ya rufe ruwan da ita. Shekarau ya kwanta rub da ciki yana sha, kansa na gogar kan Duna, bai ko lura ba. Da suka dawo hayyacinsu, Barmo ya ce, "Ku zauna in kuna so. Amma karen nan shi ya tona ruwan nan. Kullum shi zai fara sha."

Shekarau ya ce, "Baba, ko jikokinsa ne, su za su fara."

Suka yi sassabe, suka shuka gero, suka sa wa ƙauyen suna Ruwan Barmo. Abin da Barmo ya sani zai faru ya faru: nama ya ji ƙarar gatari ya yi nisa. Maharbin da a da yake kyautar cinyar ɓauna ya koma jiran furar da Kyallu ke aika masa kan dutse. Bai taɓa yin ƙorafi ba. Kowace safiya yakan sauko da Duna, mata su ja da tulunansu baya, karen ya sha, sannan a ɗiba.

Ƙauye ya cika, fatake suka fara yada zango. A nan abin ya lalace. Wani falke ya ga mata tsaye suna jiran kare, ya kwashe da dariya, ya kai labari kasuwanni. Aka shiga kiran mutanen wurin masu shan sauran kare. Shekarau, wanda a lokacin ya zama mai gari har ya yi tumbi, ya ji abin ya tsaya masa a wuya. Ƙishirwar da ta kwantar da shi rub da ciki ya manta da ita sarai, amma dariyar baƙo ta hana shi sakat. Ya sa aka kewaye ruwan da shinge.

Ana tsakiyar bazara Barmo ya sauko, ya tsufa, Duna ma ya makance yana bin ƙafarsa da hanci. Suka tarar da Shekarau a bakin shinge da ƙwarya cike da ruwa. Ya ce, "Baba, ga naka. Shi kuwa an zuba masa a kasko can waje. Ka san mun zama gari yanzu, ana ganinmu."

Duna ya sansana kaskon, ya kau da kai. Barmo ya karɓi ƙwaryar, ya tuttular da ita a gaban Shekarau, ya ce, "Mai gari, ranar da ka sha tare da shi, ni kaɗai na gan ka, ban kuma faɗa wa kowa ba." Ya saɓa karen a kafaɗa ya hau dutse. Jama'a na tsaye suna kallo, kowa na jiran wani ya fara bin sa, ba wanda ya motsa.

Kyallu na kwance ba lafiya, aka ɓoye mata. Da ta ji, ta cika gora, ta ja jiki ta hau da rarrafe. Ta tarar da baka da kwari a kan falale, ga sawun mutum ga na kare sun nutse cikin dutse kamar a taɓo. Babu Barmo, babu Duna. Ta juye ruwan a cikin sawun karen tana kuka. Kafin ta sauko, ruwan gari ya janye. Shekarau ya sa aka yi ta haƙa har ya mutu, ko laima ba a gani ba.

Na je wurin bara. Gonaki ne shimfiɗe zagaye da dutsen, da rumbuna, da 'yan awaki a gindin gawo. Mata na dawowa daga wani gari mai nisa da jarkoki a ka, sunan ƙauyen kuwa har gobe Ruwan Barmo. Ba a hawa dutsen hannu sake. Duk mai hawa sai ya ɗauki ruwa ya zuba a sawun Duna, ya ja baya ya jira wani kare ya sha. Ni ma na yi, raina a ɓace, domin na ga irin tafiyar da aka yi kafin a samo ruwan da na zubar.

Na tambayi wata dattijuwa da ta raka ni ko ruwan ya taɓa dawowa. Ta gyara ganwonta ta ce, "Ɗan nan, tun kakanninmu muke ba Barmo haƙuri. Har yau bai sauko ba."