Rigunan Sarki Cindo

A zamanin da, lokacin da mudu yake mudu, maganar dattijo kuma take tsayawa da ƙafarta, an yi wani sarki mai suna Cindo. Yatsunsa shida, mutane suna cewa duka na kyauta ne. Wanda duk ya faranta masa rai sai ya naɗa masa rawani. To, rawani kuwa ba ya kwana da yunwa: kowace sabuwar sarauta sai an yanka mata harajin da za ta ci tuwo da shi. Da haka aka sami kuɗin karofi na masu rini, kuɗin rafi, kuɗin zuma, kuɗin garma, har da kuɗin inuwar kuka ga wanda ya kasa kaya a gindinta.

Wazirinsa, Jatau, tsoho ne, ya ga zamanin uban sarkin. A wancan lokaci, in kaka ta yi, manomi ya ware dami ɗaya cikin goma ya kai, ya dawo ya miƙe ƙafa a zaure, sai kuma baɗi. Kai, an yi zama! Yanzu kuwa mutum ɗaya mai gona da marina da 'yar amya, yau wannan jakada, gobe wancan, kowa da ranarsa, kowa da mudunsa, kowa sai an shimfiɗa masa tabarma an yanka masa kaza. Ba wanda ya san iyakar abin da ke kansa. Mai gida yana zaman jiran baƙi, ciyawa tana cin gona. Mutane suka fara ɗaure kaya suna tsallake iyaka.

Da sarki ya ga kasuwa ta yi fili, sai ya tara fada ya ce, "Waziri, kai ne idona. Kafin ruwan shuka ya sauka, ka faɗa mini wane haraji ne yake korar mini talakawa, in soke shi. In ka kasa, ka ajiye rawanin nan in ba mai gani."

Sarkin Karofi, wani mai baki ana ce da shi Anaruwa, ya faɗi ya ce, "Allah ya ba ka nasara, nawa dai ko kaza ba ta ƙoshi da shi. Sai dai Waziri ya duba gaba, in idon nasa yana kai can."

Fadawa suka yi dariya. Jatau kuwa ya san gaskiya Anaruwa ya faɗa. Duk harajin da ya nuna, mai shi zai rantse ƙarami ne, kuma ƙaramin ne.

A ƙasar akwai al'ada: in ka kawo wa babba riga, a gabanka zai sa ta, ba ya tuɓewa sai ka bar wurin, in ya tuɓe ya wulaƙanta ka. Jatau ya bi masu rawani gida gida yana cewa, "Sarki ya riƙe mu shekaru, ko riga ba mu taɓa kai masa ta godiya ba. Wannan abin kunya ne. Ranar Juma'a kowa ya zo da tasa." Wa zai yarda a ce shi ne marowaci? Kowa ya nemo saƙi mai kauri, mai aiki har ƙasa.

Ranar ta zo, ga bazara ta buɗe wuta. Waziri ya fara miƙa tasa, sarki ya sa yana murmushi. Anaruwa ya kawo, aka ɗora. Sarkin Rafi, Sarkin Zuma, na Garma, haka aka yi ta jibgawa har wuyan sarki ya nutse, gumi yana bin gemunsa. Aka kawo masa fura ya miƙa hannu, hannu ya ƙi kai wa baki.

Jatau ya durƙusa ya ce, "Zaki, wace riga ce ta dame ka a ciki? Ka nuna ta, a kama mai ita."

Sarki ya ce yana haki, "Kai tsohon nan, ba ka da tausayi? Kowacce ai kyakkyawa ce."

"To wacce ce mai nauyi?"

"Ba mai nauyi ita kaɗai. Taruwar..." Ya dubi masu rawani ɗaya bayan ɗaya, ya dubi furar da ya kasa sha.

Waziri ya ce, "Kai rabin wuni ka yi, a inuwa, ana yi maka fifita. Talakanka da su yake noma."

Nan take sarki ya yi hukunci: dami ɗaya cikin goma, sau ɗaya a shekara, jakada ɗaya, mudu ɗaya, kamar zamanin ubansa. Masu rawani su riƙe rawunansu, amma daga rumbun sarki za su ci, ba daga ƙofar talaka ba. Anaruwa ya ce, "Ranka ya daɗe, mu an tuɓe mana haraji, Waziri fa?"

Aka yi ta zare riguna har aka zo ta ƙasa, ta jiƙe sharkaf ta manne wa fata. Sarki ya ce, "Wannan ita ta fi matse ni. Ta wa ce?"

Jatau ya ce, "Tawa ce, Zaki. Kuɗin ƙofar gari da nake ci shi aka fara yankawa, sauran a kansa suka hau. Da shi za a fara."

Rawani ya zauna a kan Jatau, amma a shekarar ya sayar da alfadarinsa, da ƙafa yake zuwa fada. Da ruwan shuka ya sauka, ya tsaya a ƙofar gari da sandarsa, masu dawowa daga ƙetaren iyaka suna wucewa da kaya a ka, ba wanda ya ce su sauke. Nan labari ya tsaya, ban ƙara masa gishiri ba.