Dawar Nomau a Bakin Kwana

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can baya, lokacin da kwalta ta fara ratsa ƙauyuka. Sunansa Nomau. Manomi ne, gonarsa ɗaya tak, ta gado. Da aka zo shimfiɗa titi sai ya biyo ta gefen gonar nan, ya lanƙwashe ya zagaye ta kamar lauje, sannan ya miƙe ya shige gari. Wurin nan shi mutane suke kira Kwana.

To jama'a, Kwanar nan ta ci mutane. Da an ji ƙara, gwaram, wanda yake fara isa wurin Nomau ne, tunda yana cikin gonarsa. Shi zai ja wanda ya maƙale, shi zai karyo ganye ya jera a kan titi don masu zuwa su rage gudu. In akwai mai karaya, sai ya faɗa gona ya saro kara, ya ɗaure ƙafar da tsumma kafin a kai ga maɗori. Har aka daina ce masa Nomau, sai Mai Ceto. In ya shigo kasuwa, mahauta sai sun ƙara masa tsoka. Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ne mai ceto."

Amma akwai abin da ya ɗaure wa garin kai, kuma shi ma Nomau ya ɗaure masa. Shekarun Kwanar ba iri ɗaya ba ne. Shekarar farko haɗari huɗu aka yi. Ta biyu, shida. Sai Dagaci ya tara malamai aka yi sauka, aka yi sadaka, domin an ce aljanu ne titi ya bi ta kan gidansu. Shekara ta uku kuwa shiru, sai wata mota ɗaya da tayarta ta fashe. Aka ce alhamdu lillahi, sun tashi. Ta huɗu sai ga biyar, har da rasa ran wani tela. Aka ce ai sun dawo. Daga nan ma'aikatan hanya suka zo suka kafa allo mai jan fenti, aka yi shekara biyu ko akuya ba a buge ba. Aka ce to, ashe allo ne maganin. Shekara ta bakwai allon yana nan tsaye, fentinsa ko kwailewa bai yi ba, amma kafin ƙarshen damina an yi uku.

Nomau mutum ne mai son sanin dalilin abu. In tururuwa ta sake hanya a gonarsa, sai ya bi ta ya ga inda ta koma. Yakan tsaya ya jingina da fartanya yana kallon titin, yana cewa a ransa, "Titi dai shi ne na bara. Direbobin su ne na bara. To me yake zuwa ya tafi, ya zo ya tafi?" Ya ce ko ruwa ne, sai ya tuna shekarar da aka fi ruwa ita ce ta shiru. Ya ce ko yawan motocin kaka ne, tunda abin ya fi faruwa daga ƙarshen damina zuwa girbi. To amma wace shekara ce babu kaka? Haka dai yake ta juyawa, bai samu bakin zaren ba.

Ku saurara, ku ji ta inda Allah ya kawo amsar.

Wata rana da hantsi wani mai babur ya yi karo da motar itace, ya karye a cinya. Nomau ya ɗaure shi da kara aka tafi da shi. Da azahar matarsa Delu ta kawo masa fura gona, ta same shi yana wanke jini a hannu. Ta zauna tana dama furar, tana ta surutunta.

Ta ce, "Ni dai Malam, Allah yana son mutanen nan. Ka lura kuwa? Ba sa tashi faɗuwa sai shekarar da kake da kara a gona. Da shekarar gyada ce, da me za ka ɗaure su? Da harawa?"

Ta yi dariya. Shi bai yi ba. Ludayi yana hannunsa, ya tsaya tsakanin ƙwarya da baki.

Ya ce, "Delu, sake faɗa."

"Me na ce? Wasa fa nake."

"Shekarar da aka yi sauka, bayanta me muka shuka a nan?"

Ta ce, "Gyada mana. Ba ciyawar ƙuduji ce ta cinye maka dawa shekara biyu a jere ba, ka ce bari ƙasa ta huta?"

"Shekarar da tela ya rasu fa?"

"Dawa. Ina da cikin Hanne, ni na kawo maka zanen da aka rufe shi."

"Shekaru biyun allo?"

Ta ƙirga da yatsu. Ta ce, "Gyada da wake. Duka biyun." Sai ita ma ta ajiye murfin ƙwaryar.

Nomau ya tashi, bai sha furar ba. Ya fita titi, ya taka har can gabas da Kwana, ya juyo yana tahowa a hankali kamar shi ne mota. Ya duba gabansa. Dawa. Dawarsa, kore shar, ta fi tsayin mutum biyu, ta yi katanga tun daga bakin kwalta. Abin da yake bayan lanƙwasar, ko raƙumi ne ba ka ganinsa. Ya zagaya yamma ya sake tahowa. Haka. Ya koma ya sake. Sau uku, jama'a, yana fata ko idonsa ne.

Za ku ce yaya gari guda bai gani ba shekara bakwai? Ai abin da ido ya saba da shi ba ya ganinsa. Dawa ce. Ko'ina dawa ce. Wa zai zargi abinci?

Ya dawo ya zauna. Delu ta dube shi, ta san abin da yake ransa, domin shekara ashirin suna tare.

Ta ce, "Malam, ka saurare ni. Dawar nan ta fitar da kai. Saura kwana arba'in ta nuna. Ka bari mu girbe, baɗi ka shuka gyada, kuma kada ka ƙara sa dawa a nan har abada. Shi ke nan, an huta, babu wanda ya ji."

Ku kuma faɗi gaskiya, maganarta ba ta hankali ba ce? Ta hankali ce. Bakuna bakwai ne a gidan nan, kuma rumbu ya kusa ƙasa.

Ya ce, "Kwana arba'in kasuwa nawa ke nan?"

"Shida."

"Kasuwa shida, motoci suna shiga suna fita. In aka ji ƙara gobe, in ruga in saro kara in ɗaure mutum, a ce mini sannu Mai Ceto? Da wane ido?"

Ta ce, "To sare ta. Amma ka ce tsutsa ce ta shige ta. Ba sai ka tona wa kanka asiri ba. Ka san bakin mutane. Yau kai ne Mai Ceto, gobe kai ne ka kashe tela."

Ya ce, "Ilu fa?"

Ilu shi ne direban da ya buge telan nan, Malam Sha'aibu, yana kan kekensa, shekara uku da suka wuce. Tun ranar yake rantsuwa yana cewa, "Wallahi ban gan shi ba, kamar jefo shi aka yi." Babu wanda ya yarda. Aka ce ganganci ne, wasu suka ce ya sha wani abu. Mai motar ya karɓe makullinsa, babu wanda ya ƙara ba shi tuƙi. Ya koma faci a bakin tasha, in ya wuce ana nuna shi da baki.

Delu ta miƙe. Ta tattara ƙwaryarta. Sai da ta kai bakin gona ta juyo ta ce, "Da na sani da na yi shiru da bakin nan nawa."

Washegari da safe Nomau ya tafi ƙofar Dagaci, ana zaune ana fadanci. Ya tube takalmi ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, na gano aljanun Kwana."

Aka yi dariya. Dagaci ya ce, "To Mai Ceto, a ina suke kwana?"

"A gonata, ranka ya daɗe. Ni nake shuka su."

Ya faɗi shekarun ɗaya bayan ɗaya, wannan dawa, wannan gyada. Wani bafade ya ce, "Kai Nomau, rana ce ta buge ka. Dawa tana tuƙi ne?" Dagaci kuwa ya ce a tashi a je a gani, domin shi ma abin ya daɗe yana cinsa.

Aka ɗunguma, Nomau da addarsa a hannu. Labari ya riga su isa tasha, Ilu ma ya biyo baya, hannunsa duk baƙin taya. Nomau ya tsayar da Dagaci a tsakiyar titi ta gabas. Ya sa wani mai keke ya ɗaura jan ƙyalle a kan doguwar gora, ya zagaya yamma ya taho. Ya ce, "Ranka ya daɗe, da ka hango ƙyallen ka ɗaga hannu."

Dagaci ya zuba ido. Shiru. Ya ce, "Ya taso kuwa?" Bai rufe baki ba sai ga keke a gabansa, har sai da ya yi tsalle gefe rawaninsa ya karkace. Babu wanda ya yi dariya. Dagaci ya gyara rawani, ya daɗe yana kallon dawar nan. Ya ce, "Wannan keke ne. Ina ga mota."

Sai aka ji muryar Ilu daga baya. Ba da ƙarfi ba.

"Na ce muku ban gan shi ba."

Ya matso har gaban Nomau. Ya ce, "Shekara uku, Nomau. Shekara uku ina faɗa, har ni kaina na fara cewa ko na gan shi ne na manta. Kai kuma kana nan kana cin tuwonta."

Nomau ya ce, "Ina ci, Ilu. Ban sani ba sai jiya. Ka yafe mini."

Ilu bai ce ya yafe ba. Addar da take hannun Nomau ya fizge. Mutane suka yi baya, wasu suka yi salati. Shi kuwa ya juya ya faɗa wa dawar nan da sara, yana sara yana kuka. Nomau ya ari wata addar ya bi bayansa. Kafin la'asar sun kwantar da kashi biyu cikin uku na gonar, har mutumin da yake gabas yana hango na yamma tun daga nesa.

Kada ku zaci daga nan sai daɗi. A'a. Shekarar nan gidan Nomau sun sha kunu a lokacin tuwo. Akuyoyin Delu biyu suka tafi kasuwa, kuma ba ta bar shi ya manta ba. Da kaka wasu suka kawo masa dami, Ilu ma da ya koma tuƙi ya sauke masa buhu a ƙofar gida bai ko yi sallama ba. Amma ƙanin tela bai ƙara amsa gaisuwarsa ba har suka tsufa. Nomau ya je har gida neman gafara sau biyu, aka bar shi a zaure. Sunan Mai Ceto ma ya bi ruwa, yara suka koma ce masa Mai Aljanu. Yakan yi murmushi ya wuce.

Kwana kuwa, sauran shekarar nan ba a ƙara jin ƙara ba. Shekarar da ta biyo, ɗaya, wani direba ne barci ya ɗauke shi. Ta gaba, babu. Ta gaba kuma biyu, domin da direbobi suka ga hanya ta buɗe sai suka ƙara wuta, ɗan Adam ke nan. Amma ba a sake komawa biyar da shida ba. Dagaci ya sa doka, duk gonar da take cikin lanƙwasar titi ba a shuka mata abin da ya wuce gwiwa. Aka samu wasu wurare biyu a ƙasarsa masu irin wannan ciwo, su ma suka lafa. Kuma kada wani ya ce saukar da aka yi ba ta yi aiki ba. Wa ya sani, ko amsarta ce ta fito ta bakin Delu tana dama fura?

To 'yan'uwa, abin da nake so mu ɗauka ke nan. Taimakon wanda ya faɗi abu ne mai kyau, kuma yana da daɗi, domin ana gani ana yabo. Wanda ya fi shi wuya shi ne mutum ya tambayi kansa, shin ba ni da hannu a faɗuwar? In ya gano yana da shi, ya faɗa da bakinsa, ya cire, ko da abincinsa ne. Abin da ba ka sani ba, Allah mai gafara ne. Amma daga ranar da ka sani, kwana ɗaya ma ya yi yawa.

Mu nan, duk shekara muna cewa haɗari ya ƙaru, muna zagin direbobi, muna zagin hukuma. Wani a cikinmu teburin kayansa ya ci rabin titi. Wani ya jibge yashin gininsa a mahaɗa tun kafin azumi. Wani yana shanya barkono a kan kwalta, ya jera duwatsu don kada a taka masa, mai babur kuwa ya san ta kansa. Duk halal ne, duk neman abinci ne, babu mai nufin sharri. In mun fita daga nan, kowa ya je can nesa da ƙofarsa, ya juyo ya taho a hankali kamar baƙo ne shi a hanyar, ya duba abin da ya ajiye.

Allah ya nuna mana namu tun kafin a nuna mana, ya kuma ba mu ƙarfin zuciyar kawar da shi. Ya kai matafiya gida lafiya. Amin.