Dalilin da ya sa albasar dutse ke sunkuyar da wuya

Dalilin da ya sa kuke ganin karan albasar dutse ya miƙe, sannan ya karya wuya gefe guda, fararen furanninsa a jere suna kallon sama, ku matso ku ji, yara. Da can ba haka take ba. A miƙe take kamar tsinke, kuma ba ta fitowa ko'ina sai a tsagin duwatsu.

A wani ƙauye da ke gindin dutse an yi wata mata mai suna Barmani. Ubanta bai haifi namiji ba, don haka ita ya koya wa ɗaura amya, ta tashi ba ta da sana'a sai zuma. Wata shekara gobara ta cinye dajin da ke kewaye da ƙauyen, ƙudan zuma suka tashi suka bar amyoyinta wayam. Da damina ta zo, kabewa ta yi fure ta zubar, wake ma haka, riɗi ma haka. Shekara biyu ana cikin wannan hali, har magidanta suka fara maganar kwashe iyali a bar garin.

Wata safiya Barmani ta ga ƙudan zuma guda ɗaya a bakin randarta. Ta bar tulu a nan ta bi shi, har ya kai ta can ƙolin dutse. Ƙamshi ne ya fara tarar ta, wani irin ƙamshi mai sanyi da ba ta taɓa ji ba. Da ta leƙa tsakanin duwatsu, sai ga furen albasar dutse, ga kuma ƙudan zuman garinsu duka a kansa.

Ta sauko ta ba da labari. Sarkin Noma Jatau bai tsaya wata shawara ba, ya sa aka tumɓuko furen da ganyensa aka dasa a fadama, ana ba shi ruwa safe da yamma. Kafin kwana bakwai duk ya ruɓe. Jatau ya ce abin dutse ne, ba ya zama da mutane.

Barmani ta sake hawa ita kaɗai. Ta durƙusa ta gai da albasar dutse kamar yadda ake gai da babba, ta gaya mata halin da garin ke ciki. Albasar ta ce ba ta ƙi saukowa ba, amma waɗanda suka zo ran nan ba su tambaye ta komai ba. Ta ce a jira sai ganyenta ya bushe a tono 'ya'yanta, a binne su cikin rairayi da tsakuwa zurfin ɗan yatsa, tsinin yana sama.

"In kin tsare mini barcina na rani, ba ruwa, ba fartanya," in ji ta, "ranar da na farka ki roƙi abin da kike so."

Da kaka Barmani ta yi yadda aka ce, a wani ɗan tudu kusa da amyoyinta. Rani ya yi, wurin ya zama fili fetal. Mata masu wucewa rafi suna mata dariya, wai tana gadin ƙasa. Wasu don tausayi sukan so su zuba ɗan ruwa, ta hana. Da bazara Jatau ya zo da fartanya zai yi kunyar rogo a wurin. Barmani ta shimfiɗa tabarma a kai ta zauna.

"Sarkin Noma, sai dai ka fara da ni," ta ce.

Ya dube ta, ya saɓa fartanyarsa ya tafi. Ita kuwa ba ta san ko abin da ke ƙasa yana da rai ba.

Ruwan farko ya sauka, na biyu ya biyo. Rana ta tara sai ga toho sirara kamar bakin wuƙa. Suka yi kara, suka yi fure, ƙamshi ya cika ƙauyen har cikin ɗakuna. Ƙudan zuma suka sauko daga dutse. Amma a fili babu duwatsun da za su tare iska, karan sai kaɗawa yake, ƙuda ya zo zai sauka ya kasa. Barmani na kallo suka fara juyawa za su koma.

Ta ce wa albasar lokacin roƙonta ya yi, ta sunkuya don ƙudan su sami wurin sauka. Albasar ta ce ita ba ta taɓa sunkuya wa kowa ba, ko guguwa.

"Wata bakwai ana mini dariya saboda ke," in ji Barmani. "Ni na cika nawa."

Can sai karan ya lanƙwasa a hankali, furannin suka jeru a kansa suna buɗe baki sama kamar ƙananan ƙoƙuna. Ƙuda na farko ya sauka, na biyu ya sauka, kafin azahar amyoyin Barmani na ta ruri. A shekarar nan kabewa ta yi 'ya'yan da sai mutum biyu ke ɗaga ɗaya, kuma ba wanda ya bar garin. Jatau da kansa ya zo ya durƙusa ya roƙi iri, Barmani ta ba shi cike da ƙwarya, ta koya masa yadda ake binnewa.

Shi ya sa har yau albasar dutse ke fitowa da wuya a sunkuye, ko a dutse ko a gida. In kuwa kun ga wurinta ya bushe da rani, ku bar butarku a hannu, barci take yi.