Ranar da Loretta Ta Ɓoye Sandar Mahaifiyarta

Loretta Pettway mace ce mai ƙoƙari, amma tana da ciwo guda, ciwon "kada a ce". Mahaifiyarta, Mama Odessa, tsohuwa ce mai shanyewar ɓarin jiki, tana zaune a ɗan gidanta a birnin Toledo. Ba ta da komai sai inshorar lafiya da gwamnati ke ba marasa ƙarfi. Kamfanin da ke riƙe da inshorar shi ke turo mata mai taimako, Renita, kullum ta yi mata wanka ta dafa mata abinci. Burin tsohuwar ɗaya ne, ta ƙarasa kwanakinta a ɗakinta, kada a kai ta gidan tsofaffi.

Duk shekara kamfanin kan aiko nas ta duba ta, kuma abin da nas ta gani, a kansa ake yanke yawan taimakon. Da ranar ta zo, Loretta ta yi sammako. Ta goge gida, ta yi wa uwar kitso, ta sa mata rigar zuwa coci. Sannan ta kwashe sandar dogarawa da kujerar wanka ta cusa a bayan motarta.

Renita ta riƙe baki. "Ke Loretta, biki ake yi? Bar nas ɗin ta ga gaskiya mana!"

"Baƙuwa ta ga uwata kamar marar gata? Ja bakinki ki yi shiru."

Nas ta iso, ta zauna. "Mama, kina iya wanka da kanki?"

Kafin tsohuwa ta buɗe baki, Loretta ta cafe. "Sarai! Jiya ma ita ta gasa mana burodin masara."

Mama Odessa ta dubi 'yarta, ta sunkuyar da kai. Ba ta so ta ƙaryata ta a gaban baƙuwa.

"Kin yi sa'ar 'ya, Mama," in ji nas. Kan Loretta ya kumbura.

Ba a jima ba kamfani ya rage zuwan Renita, ya koma sau biyu a mako. Ai mai gasa burodi ba ta buƙatar mai yi mata wanka kullum.

"Kira su, ki ce a sake dubawa," Renita ta roƙe ta.

"In ce musu me? Ƙarya na yi?"

Kunya ta hana ta ɗaga waya. Wata safiya Loretta tana wurin aiki, kuma ba ranar zuwan Renita ba ce, Mama Odessa ta lallaɓa banɗaki ita kaɗai, santsi ya kwashe ta, ƙashin ƙugunta ya karye. Tana nan kwance a ƙasa har sai da mai raba wasiƙu ya ji nishinta. Daga asibiti likita ya ce ba za ta iya komawa gida ba, aka wuce da ita gidan tsofaffi.

Loretta ta je duba ta, ta tsaya a bakin ƙofa, kunya kamar ta nutse. Tsohuwa ba ta yi faɗa ba, gara ma da ta yi. Ta kama hannun 'yarta kawai ta ce, "Kin kulle min gidan da kyau? Ki riƙa zuba wa furannina ruwa kafin in dawo."

Loretta ta gyaɗa kai tana hawaye, don ta san ba dawowa.

Darasin a nan shi ne, kada ka ɓoye rauni ga wanda ya zo taimako. Buƙata ba abin kunya ba ce. Mai ƙawata wahala don a yaba masa, yabon na ɗan lokaci ne, kuma sau da yawa wanda ya fi ƙauna shi ke ɗanɗana kuɗarta.