Fitilar da Mai Ita Ba Ya Gani

Akwai wani mutum a wata ƙasa mai tuddai, wanda ya yi shekara talatin yana tuƙa ƙaramin jirgin sama na feshin gonakin auduga. Da ya ajiye aiki, kunnuwansa sun gaji da rugugin inji, amma zuciyarsa ba ta gaji da sama ba. Sai ya shiga ƙungiyar waɗansu mutane kaɗan da ke tashi da jirgi mara inji a wani fili mai ciyawa a bayan gari. Ya sayi wani tsoho irin nasu, ya gyara shi da hannunsa, ya goge shi har yana sheƙi.

Jirgin nan fari ne fat, siriri, fukafukansa dogaye kamar na shamuwa. Mutum ɗaya yake ɗauka, a kishingiɗe a ƙarƙashin murfin gilashi. Wani jirgi mai inji ne yake jansa da igiya har sama, sa'an nan matuƙi ya saki igiyar, ya rage daga shi sai iska. Inda rana ta gasa duwatsu, iska mai ɗumi takan tashi kamar hayaƙin da ba a gani, a bisanta kuma ɗan farin gajimare yakan tsaya. Matuƙi yakan shiga cikinta ya yi ta kewaye tana ɗaga shi, yadda shirwa take yi. Da yake kowa ya san haka, duk jiragen wuri ɗaya suke nufa. Wurin da ya fi daɗin tashi, nan aka fi kusantar juna, ga shi kuwa jirgi mara inji ba ya ƙara, ba mai jin zuwansa.

Saboda haka 'yan ƙungiyar suka sa wa jiragensu wata fitila a hanci, ja, mai ƙiftawa kamar walƙiya, wadda ake hangowa ko da rana tsaka. Kowa ya sa, sai mutumin nan.

Ya ce, “Fitila da rana? Wa ya ɓata? Ni idona bai taɓa cin amanata ba. Tun kuna can nesa nake ganinku.”

Gaskiya ya faɗa, yana ganinsu. Bai dai tsaya ya tambayi kansa abin da ya sa yake ganinsu ba.

Matarsa Afiniki takan bi shi filin kowace Asabar. Ba ta taɓa shiga jirgin ba, ta ce Allah ya ba ta ƙafafu, ta kuwa gode. Takan shimfiɗa tabarma a gindin wata ɗorawa a bakin fili, ga gorar kunun zaƙi, ga ɗinkinta a cinya. Jiragen duka farare ne, in sun yi nisa ba ta iya gane nasa. Sai ta riƙa ƙirga su: huɗu suka tashi, huɗu suna nan. In ɗaya ya saje da farin gajimare, allurarta takan tsaya cak har ya sake bayyana. Ba ta taɓa gaya masa wannan ba.

Ran nan da bazara, mutumin yana kewaye a ƙarƙashin wani gajimare, sai ya hango jan haske yana nufo shi. Abokinsa ne Barnaba, tsohon likitan dabbobi, wanda suke zama benci ɗaya a coci. Ya jira Barnaba ya kauce. Barnaba bai kauce ba. Da ya ga abin ya wuce wasa, sai ya danna hancin jirginsa ƙasa, inuwar fiffiken Barnaba ta share kan gilashinsa ta wuce.

Da suka sauka, suka taru a gindin ɗorawa, mutumin ya ce yana dariya, “Likita, tabaranka a gida ka bari? Saura ƙiris ka aske mini gashin baki da fiffikenka.”

Barnaba ya ce, “Yaushe?”

“Yanzun nan, a kan baƙin dutsen can. Na bi ta ƙarƙashinka.”

Barnaba ya ajiye kofinsa a hankali. Ya ce, “Kyaftin, Allah ya sani ko inuwarka ban gani ba. Jirginka in ya fuskanto mutum, kamar bakin wuƙa yake a cikin fari. Kai ka gan ni don na sa abin da za ka gan ni da shi. Ni me ka ba ni?”

Afiniki tana zuba kunu a lokacin. Kofin ya cika ya tumbatsa a kan tabarma, ba ta sani ba. Sai da suka tsaya a ƙofar gida ta ce, “Baban Murna, ran Litinin kai za ka sayo fitilar, ko in ɗaura ɗankwalina in je da kaina?”

Ran Litinin ya sayo ta.

Amma da ya tsaya a gaban jirgin a cikin rumfa, ya dubi hancin nan da ya goge da hannunsa, sai ya ji ba zai iya huda shi ba. Ya samu wata dabara. Ya kafa fitilar a ciki, a can gaban murfin gilashi, tana duban waje. Ya ja waya ta gefen kujera zuwa batir, ya sa makunni kusa da hannunsa na hagu. Barnaba ya leƙo ya ce, “Haka ma ana yi. Sai dai ka rufe bayanta da gefenta, kada hasken ya dawo maka.”

Mutumin ya ce, “Abin da na sa da hannuna in hana kaina gani? To, ta yaya zan san tana ci?”

Ya shiga ya zauna, ya ja murfi, ya kunna. Gilashin duka ya ɗauki ja, ya saki, ya sake ɗauka. Abin ya yi masa kyau ƙwarai. Ya daɗe a zaune yana kallo, kamar wanda aka yi wa sabon ɗinki.

Da Asabar ta zagayo ya tashi. A cikin hasken rana komai lafiya lau. Amma da ya shiga inuwar gajimare, sai kowace ƙiftawa ta riƙa bugun lanƙwasar gilashi tana dawowa cikin idonsa. Ja, sa'an nan kore-kore yana yawo a gabansa, kafin ya washe wani jan ya sake zuwa. Ya san Barnaba yana nan kusa. Ya duba hagu, ya duba dama, bai ga komai ba sai hasken kansa. Mutumin da idonsa bai taɓa cin amanarsa ba ya koma kamar makaho. Ya lalubi makunni ya kashe, ya fice daga iskar nan mai ɗagawa, ya gangaro ya sauka.

Afiniki ta ce, “Yau da wuri haka? Ko hannun riga ɗaya ban gama ba.”

Ya zauna a bakin tabarma ya ce, “In na kunna, ba na gani. In na kashe, ba a ganina. Gara in cire ta in koma yadda nake.”

Ta ce, “Yadda kake ɗin ne ya zubar mini da kunu. Tashi ka nuna mini.”

Ya kai ta. Ta sunkuya ta duba fitilar, ta ciro tef ɗin awo daga jakarta, ta auna nan, ta auna can. Ta ce, “Ba abin da ya same ta. Ba a dai gaya mata inda za ta duba ba.”

Ran Talata da hantsi suka komo rumfar su biyu, tana riƙe da wani baƙin ƙyalle mai kauri da ta ɗinka kamar 'yar hula. Mutumin ya juya shi a hannunsa, ya shafa, ya ɗago kai.

“Maman Murna, wannan ba kwat ɗina ba ce? Wadda na sa ranar da na fara zuwa gidanku?”

“Ita ce. Shekara ashirin rabon da maɓallinta ya haɗu a kan cikinka. Ranar ma gumi ka yi ta yi a ciki, har Baba ya ce a ƙara maka ruwa.”

Ya yi dariya, amma bai saki ƙyallen da wuri ba. Suka lulluɓe bayan fitilar da gefenta, suka manna bakin ƙyallen da gam a jikin gilashi, tana bi da ɗan yatsa tana danne duk inda ya ɗaga, har ba sauran kafa ko ta allura. Ta tura ƙofar rumfa don wurin ya yi duhu-duhu. Ya shiga, ya ja murfi, ya kunna.

Gilashin ya tsaya garau. Ba ja, ba kore.

Ya ɗaga murya daga ciki, “Kin gani? Mun taɓa waya. Ta mutu.”

Afiniki ta zagayo ta tsaya a gaban hancin jirgin. Ta ce, “Daina neman fitila. Dube ni.”

Ya dube ta. Ga jan haske a goshinta da kumatunta, yana zuwa yana tafiya, yana zuwa yana tafiya, tana ƙanƙance ido tana murmushi.

Ya ce, “To, a fili fa? Da rana ba zan gani a fuskarki ba.”

Ta ce, “Sai ka tambaye ni.”

Tun daga ranar, kafin a ɗaura igiya, Afiniki takan ajiye ɗinkinta ta zo ta tsaya a gaban jirgin. Yakan kunna, ta ɗaga hannu, sa'an nan ya tashi. Sau ɗaya ta girgiza kai, aka duba aka ga waya ce ta kwance a bayan kujera, aka ɗaure. Shi kuwa a ciki bai ga bambancin komai ba.

Bayan makonni, da damina ta fara kusatowa, wata rana da la'asar yana komowa fili daga gabas, rana tana cikin idonsa. Sama shiru, iska mai laushi, har yana rera waƙar coci a maƙoshi. Ya sauka lafiya, ya buɗe murfi. Bai gama kwance ɗamara ba sai ga Barnaba, wanda ya sauka a bayansa, ya taho da sauri ya riƙe shi a kafaɗa da hannu biyu.

Mutumin ya ce, “Lafiya, Likita?”

Barnaba ya ce, “Kai tsaye ka nufo ni, Kyaftin, kamar na ci maka tuwo. Tun kana kan rafi na ga jan abu yana ƙifta mini. Na karkata na ba ka hanya.”

Mutumin ya buɗe baki zai ce, “Yaushe?” sai ya tuna wanda ya taɓa faɗar haka, ya fasa. Can ya ce, “Ban gan ka ba.”

“Na sani. Zo mu sha kunu.”

A gindin ɗorawa Afiniki ta miƙa masa kofi, bai cika ya zube ba. Ya ga ta gama hannun riga duka biyu. Ta ce a hankali, yadda Barnaba ba zai ji ba, “Na daina ƙirga jirage. Nasu a ƙasan hanci take, taka a sama, na gane ta. Duk kewayen da ka yi, in ka juyo wajen nan, sai ka ƙifta mini ido sau ɗaya.”

Ya ce, “Da ƙirga mu kike yi?”

Ta ce, “Sha kununka.”

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Jirgin nan mara ƙara rayuwar kowannenmu ce. Dukanmu wurare ɗaya muke nufa, gida, kasuwa, wurin aiki, har gidan Ubangiji, kuma a wuraren nan masu albarka muka fi gogar juna. Yawancin raunin da muke ji wa mutane ba da mugunta ba ne. Mun zo ne shiru, ba wanda ya san inda muke.

Akwai mai cewa idonsa ya ishe shi. Ya san halin kowa, ya san damuwar kowa, domin sun buɗe masa zuciyarsu, amma shi ba wanda ya san ko yana fushi, ko yana ciwo, ko ya gaji. Yana ɗauka wannan hikima ce. A'a, yana tafiya ne a kan hasken waɗansu, ya hana su nasa.

Ubangiji ya ba mu haske, gaskiya da alheri da bangaskiya, amma ba domin mu zauna muna kallonsa ba. Ranar da ka fara sha'awar kirkinka, kana duba yadda addu'arka ta yi daɗi, yadda taimakonka ya yi kyau, ranar ka daina ganin ɗan'uwan da ke gefenka. Sai an rufe bayan fitilar. Sau da yawa kuwa, ƙyallen da za a rufe da shi daga abin da ka daɗe kana taƙama da shi za a yanko.

In an rufe, ba za ka ƙara ganin haskenka ba, har wata rana ka ce ya mutu. Kada ka ji tsoro. Mutumin nan bai ga fitilarsa ba a ranar da ta cece shi, ta ceci abokinsa. Abin da ya rage masa shi ne mutum ɗaya mai ƙaunarsa, wanda zai tsaya a gabansa ya ɗaga hannu in tana ci, ya kuma girgiza kai in ta mutu.

Kafin Lahadi mai zuwa, kowa ya nemi nasa. Mijinki ne, ko mahaifiyarka, ko wadda kuke zama benci ɗaya. Ka tsaya a gabansa ka ce, “Tana ci?” Sa'an nan ka yi shiru, ka bar shi ya amsa.