Waziri Haladu da Busasshen Reshe

An yi wani sarki a ƙasar Kwargaba wanda ya gaji wata babbar magudanar ruwa daga kakansa. Ita ke shayar da lambunan birni, tana kuma da reshe guda da ya ratsa ƙauyuka uku ta gabas. Reshen nan ya shekara goma sha biyu babu ɗigon ruwa, har fadawa suka fara roƙon a cike shi a raba musu filin.

Sarki ya kira wazirinsa Haladu, ya ce, "Waziri, kafin in yanke hukunci, ina so ka bi reshen nan da ƙafarka daga ƙarshensa zuwa bakinsa, ka zo mini da sunan wanda ya kashe shi."

Waziri kuwa ya riga ya san sunan. Bakin reshen yana cikin shingen gonarsa, shi ne kuwa a shekarar fari ya toshe shi da duwatsu don rakensa ya sha, da niyyar buɗewa in damina ta yi kyau. Damina ta yi kyau, rake ya fi ta kyau, sai niyya ta yi kwanciyarta. Ya kama hanya yana saƙa abin da zai faɗa: ƙauyawa ne suka yi sakaci, yashi ya cike.

A Tungar Maje, ƙauyen ƙarshe, ya tarar da maza cikin ramin reshen da fartanyu da kwanduna, suna yashe busasshiyar ƙasa kamar gobe ruwa zai iso. Wani dattijo mai suna Cindo ya hauro ya gaishe shi.

Waziri ya ce, "Baba, me kuke yashewa alhali babu ruwa?"

Cindo ya ce, "Ranka ya daɗe, dokar kakan sarki ce, garin da ya tsallake shekara bai yashe rabonsa ba ya sarayar da haƙƙinsa na ruwa. Mu kuwa ba mu sarayar ba. Mutanen garuruwan da ke sama da mu muke zargi, har ta'aziyya mun daina kai musu."

A gari na biyu ma haka ya gani, rami fes, zukata a ɓace. A na uku, wanda ke jikin shingensa, suka ba shi ruwan da matansu suka ɗebo daga rijiya mai nisan rabin yini, suka ce, "Mu mun ɗauka ƙaddara ce, domin daga nan sai gonarka, wa zai yi wa mai riƙe da amanar sarki mummunan zato?"

Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da aka naɗa masa rawani.

Da ya koma fada sai ya zauna a ƙasa, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, na fita da ƙarya a shirye cewa yashi ne ya cike reshen, na rasa inda zan ajiye ta. Sunan da ka nema nawa ne, ni na toshe bakinsa da duwatsu."

Sarki ya ce, "Da ka ce yashi ne, da na cike reshen, na zalunci gari uku ina zaton adalci nake yi. Gaskiyarka ta tsare maka rawaninka, amma ba ta wanke ka ba."

Ya aika aka zo da Cindo, ya yafa masa alkyabba, ya naɗa shi Sarkin Ruwa. Ya kuma hukunta cewa Waziri ya kwashe duwatsun da hannunsa a gaban garuruwan uku, kuma gonarsa ba za ta ƙara shan ruwa ba sai Tungar Maje ta ƙoshi.

Ranar kwashewa Waziri ya so ƙwarai wani ya zage shi, ko ya sami sauƙi. Babu wanda ya zage shi. Duk dutsen da ya ɗaga, sai wani manomi ya miƙo hannu ya karɓa ya ce, "Sannu da aiki."

Wanda duk aka ba riƙon bakin ruwa, adalcinsa shi ne ya sha a ƙarshe.